Ƙofofin jikin ƙwayoyin halitta: me ya sa masu haɗa magani suka sa musu ido?

Waɗanne ƙofofi ne waɗannan?

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da 'yar fata da ta lulluɓe ta. A jikin fatar akwai ƙananan ƙofofi da sinadarai irin su sodiyam da potasiyam da kalsiyam ke bi su shiga ko su fita. Buɗewarsu da rufewarsu ne ke samar da ɗan lantarkin da ke sa zuciya bugawa, jijiya kuma ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake sakin ruwa ana datse shi a magudanan Bakolori ya riga ya fahimci rabin zancen.

Akwai maganin da muka sani da ke aiki a kansu?

Kemis cike yake da su. Amlodipine na masu hawan jini yana tare ƙofar kalsiyam, sai hanyoyin jini su saki. Glibenclamide na masu ciwon suga yana rufe wata ƙofar potasiyam, sai jiki ya fitar da insulin. Allurar lidocaine da ake yi wa mutum kafin a cire masa haƙori ƙofar sodiyam take toshewa, dasashi ya mutu, saƙon zafi ya kasa wucewa. Har maganin da ke jikin gidan sauro ma, ƙofar sodiyam ta sauron yake hana rufewa har ya shanye.

Guba fa?

Ita ma nan take kai hari. Dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 tana kwaikwayon kalsiyam, tana kuma toshe wasu ƙofofin ƙwaƙwalwa da yaro ke koyo da su.

To ina wahalar take?

Ƙofofin sun yi kama da juna sosai. Ka haɗa magani domin ta jijiya, sai ya je ya taɓa ta zuciya. Shigen haka ya faru da terfenadine, maganin atishawa da ƙaiƙayi, wanda aka janye daga kasuwar Amurka saboda yana toshe wata ƙofar potasiyam ta zuciya, ya rikita bugunta. Shi ya sa yanzu kusan duk sabon magani sai an gwada shi a kan wannan ƙofa ta potasiyam tukuna, kuma a ganina wannan tsantseni bai yi yawa ba.

Me ake nema yanzu?

Maganin zafi da ba ya kama mutum kamar tramol. A Janairun 2025 Amurka ta amince da suzetrigine, wanda ke rufe wata irin ƙofar sodiyam guda da ke jijiyoyin kai saƙon zafi.