Shirin Hawan Dutsen Kilimanjaro

Kilimanjaro dutse ne da ke arewa maso gabashin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya, kuma ƙololuwarsa da ake kira Uhuru, mai tsayin mita 5,895 daga matakin teku, ita ce wuri mafi bisa a duk nahiyar Afirka. Bajamushe Hans Meyer da abokin tafiyarsa Ludwig Purtscheller ɗan Ostiriya su ne aka fara rubuta isarsu can a shekarar 1889. Hanyoyin da yawancin mutane ke bi a yau ba sa buƙatar igiya ko gwanintar hawan duwatsu, domin da ƙafa ake takawa tun daga ƙofar gandun dajin da dutsen yake ciki har sama. Wannan sauƙin ne ke ruɗar mutane da yawa, saboda abin da ya fi mayar da mahaya baya shi ne ƙarancin iskar shaƙa, kuma a kansa ake gina kusan dukkan shirin tafiyar.

Jiki da iskar tsauni

Yayin da mutum yake ƙara hawa, nauyin iska yana raguwa, har ya zama a ƙololuwar Uhuru kowane numfashi yana kawo wa huhu kusan rabin iskar oksijin da zai samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa da haka ta hanyar sauri da zurfin numfashi, daga baya kuma ta ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, amma sabon yana ɗaukar kwanaki. Idan aka yi wa jiki gaggawa, ciwon tsauni yana iya farawa tun daga wajen mita 2,500, kuma alamunsa su ne ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala da ƙin abinci. Mafi munin abin da yake kaiwa gare shi iri biyu ne: taruwar ruwa a huhu, wadda ake ganewa da tari da haki ko da mutum yana zaune, da kumburin ƙwaƙwalwa, wanda ke sa tangaɗi da ruɗewar magana. Dukansu biyu suna kisa, kuma maganinsu na farko shi ne a sauko da mara lafiya nan take, ko da tsakar dare ne.

Shawarar da likitocin tsauni suka saba bayarwa ita ce, bayan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, sannan a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Gaskiyar magana, yawancin jadawalin hawan Kilimanjaro sun fi wannan ƙa'ida sauri. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga ciwon, kuma sau da yawa matashi majiyi ƙarfi ne ke fara kwantawa, don shi ne ba ya jin maganar 'yan jagora idan suna ta maimaita "pole pole", wato sannu a hankali da harshen Suwahili.

Zaɓen hanya da lokaci

Hanyar Marangu ita kaɗai ce ke da ɗakunan kwana, a zangunan Mandara, Horombo da Kibo, kuma akan yi ta cikin kwana biyar ko shida. Arha da gajartarta suna jan mutane, sai dai kwana biyar ya yi wa yawancin jikuna kaɗan. Machame tana cin kwana shida ko bakwai, Lemosho kuma bakwai ko takwas, ana kwana a tanti, kuma su biyun suna da wata fa'ida: akwai ranar da ake hawa zuwa wani dogon dutse da ake kira Hasumiyar Laba, wajen mita 4,600, sannan a gangaro a kwana a zangon Baranko, ƙasa da mita 4,000. Wuni a sama a kwana a ƙasa yana taimaka wa jiki ya saba. Rongai tana tasowa daga arewa inda ruwan sama bai cika yawa ba, Umbwe kuwa gajera ce mai tsananin hawa wadda ba ta dace da sabon shiga ba. Wanda ke da halin ƙarin kwana guda, kuɗin da ya kashe a kansa ya fi na kowane kaya amfani. Wasu ma sukan fara hawan dutsen Meru da ke kusa da garin Arusha, mai tsayin sama da mita 4,500, kafin su tunkari babban.

Damina babba tana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙarama kuma a wajejen Nuwamba, saboda haka an fi hawa daga Janairu zuwa farkon Maris da kuma daga Yuni zuwa Oktoba. Musulmi yakan ƙara da duba kalandar Hijira, domin tafiyar da ake so a sha lita uku zuwa huɗu na ruwa a yini ba ta jituwa da azumi.

Lafiya da horo

Ganin likita yana zuwa kafin biyan kuɗin tafiya. Wannan ya fi zama wajibi ga mutanen Afirka ta Yamma, inda sikila ta yawaita, domin ƙarancin oksijin yana tayar da ciwon, kuma ko mai rukunin jini AS wanda bai taɓa jin komai ba yana iya samun matsalar saifa a irin wannan tsayi. Masu ciwon zuciya ko huhu da mata masu juna biyu su ma ba su da hurumin yanke shawara su kaɗai. Likita yakan rubuta maganin asetazolamid, wanda aka fi sani da Diamox, don gaggauta sabon jiki, kuma maganin yakan sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu. Mai zuwa daga Najeriya yana buƙatar katin rigakafin zazzaɓin shawara kafin shiga Tanzaniya, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro saboda kwanakin da zai yi a garin Moshi ko Arusha, da inshorar da ta ambaci hawa har mita 6,000 a rubuce.

Horo yakan fara wata biyu ko uku kafin tashi, da doguwar tafiya a ƙasa mai tudu da gangare, jaka a baya, cikin takalmin da za a yi hawan da shi. Cafal Wadi da ke jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne kawai, don haka yana horar da ƙafa amma ba ya gwada wa mutum halin iskar Kilimanjaro.

Kaya da ma'aikata

Ana fara tafiyar a kurmi mai ɗumi da laima, a ƙare ta a kan tsakuwa da ƙanƙara, shi ya sa ake sa tufafi hawa-hawa: na ciki mai saurin bushewa, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta da amfani a nan, don idan ta jiƙe da gumi sanyi take ƙarawa. Sauran kayan su ne jakar barci mai kauri, safar hannu, hular sanyi, tabarau mai kare ido daga hasken rana, sandunan dogarawa da fitilar goshi. Dokar gandun ta hana hawa ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, ta kuma ƙayyade kayan kowane ɗan dako a kilo 20. Tukuicin waɗannan ma'aikata al'ada ce tabbatacciya da ake sawa cikin lissafi tun daga gida.

Hawan ƙarshe yana farawa da misalin tsakar dare daga zangon Barafu ko Kibo, cikin sanyin da ke iya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, ana ajiye gorar ruwa cikin riga don kada ta daskare. Bayan sa'o'i shida zuwa takwas akan isa bakin babban ramin da ke saman dutsen da fitowar rana, a ƙarasa Uhuru, a ɗauki hoto cikin 'yan mintoci, sannan a juyo a sauka kusan mita 2,000 ko fiye kafin a kwanta a wannan rana.