Cutar MS da abin da likitoci ke nufi da farfaɗo da majinyaci

Idan likitan jijiyoyi ya ce za a kwantar da mai cutar MS don a farfaɗo da shi, 'yan uwa sukan ɗauka an samo maganin da zai tashe shi garau. Har yau cutar ba ta da maganin warkewa. Farfaɗowar da ake nufi horo ne na makonni, inda ma'aikatan asibiti daban-daban ke haɗuwa a kan mutum ɗaya don ya ci gaba da hidimar kansa da jikin da yake da shi yanzu.

MS gajeren suna ne na maltiful sikilerosis, ma'ana tabo a wurare da yawa. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da na ido suna da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta afka wa rigar nan, ta bar tabo, sai saƙo ya riƙa wucewa da ƙyar ko ya yanke. Wurin da tabon ya faɗa shi ke nuna alamar: ido ɗaya ya dushe, ƙafa ta sage, jiri, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a Paris a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma ta fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40. Ta fi yawa a Kanada da arewacin Turai. A Afirka kudu da Sahara kaɗan ake rubutawa, amma ƙarancin na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka, da likitocin jijiya yana da hannu a wannan. Kusan kashi 85 cikin ɗari tana fara musu ne da tasowa da lafawa, yau mutum ya kasa taka ƙafa, bayan wata biyu ya miƙe. Ciwo mai irin wannan hali, a wurinmu ba ya daɗewa ba a ce iska ce ko jifa ba.

Akwai magungunan rage yawan tasowarta tun 1993, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin muhimman magungunanta. Sai dai ɓarnar da ta riga ta auku ba su gyara ta. Nan aikin farfaɗowa yake shigowa.

Da tambaya ake farawa: "Me kike so ki iya yi da kanki?" A ce wata majinyaciya ce ta amsa cewa tana son kai kanta banɗaki da dare ba tare da ta tashi kowa ba. Wannan buri ɗaya sai ya raba aiki. Likitan fisiyo ya koya mata tashi daga bakin gado, ta matso gaba, ta kafa ƙafafu biyu, ta sunkuya kafin ta miƙe. In tafin ƙafarta yana jan ƙasa tana tuntuɓe, a auna mata wata robar tallafi da ake sawa cikin takalmi. Mai koyar da dabarun aikin gida ya duba yadda masai yake. In na tsuguno ne a kawo kujera mai rami, a kafa ƙarfen riƙewa a bango. Nas ta tsara mata lokutan fitsari da na shan ruwa, in mafitsara ba ta zubar da komai a koya mata sa siririyar robar fitsari da kanta ta cire. Mutane suna jin nauyin wannan magana, alhali sau da yawa ita ke hana mace zuwa biki ko zama cikin jama'a, ta sa ta yini tana sabunta alwala cikin kokwanto. Wanda harshensa ya yi nauyi ko yake ƙwarewa wajen haɗiya, da wanda damuwa ta rufe, kowa da mai kula da shi.

Gajiya ita ce alamar da ta fi addabar yawancin masu cutar, kuma ita aka fi yi musu rashin adalci a kanta, tunda ba a ganinta. Mutum ya tashi daga barci jikinsa a mace, a ce masa rago. Da can likitoci ma hutu suke ba da shawara. Binciken da Jack Petajan da abokan aikinsa suka fitar a Jami'ar Utah ta Amurka a 1996 yana cikin waɗanda suka juya wannan tunani, don ya nuna motsa jiki a tsanake yana ƙara ƙarfi da walwala. Yanzu ana koya wa majinyaci ya yi babban aiki da safe, ya yi girki a zaune, ya huta tun bai galabaita ba.

Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Sashen fisiyo mun saba kiransa wurin gashi, to mai MS zafi ba abokinsa ba ne. Tun 1890 likitan ido na Jamus Wilhelm Uhthoff ya lura ganin wasu majinyata yana dushewa in sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumin jiki ne sanadi. Har an yi zamanin da ake sa mutum cikin ruwan zafi don a gwada ko yana da cutar. Jijiyar da rigarta ta zaizaye, da jiki ya ƙara ɗumi kaɗan sai ta daina kai saƙo, in ya huce ta dawo. Ka kwatanta wannan da Sakkwato ko Maradi a watan Afrilu, zafi ya haura maki 40 ga babu wuta. Don haka atisaye bayan asuba, ruwan sanyi, jiƙaƙƙen tawul a wuya. Zazzaɓin cizon sauro ko ciwon mafitsara ma sukan tayar da tsofaffin alamu, a zaci cutar ce ta sake tasowa.

Ta yaya ake gane an ci riba? Ma'aunin nakasa da likitan jijiyoyi na Amurka John Kurtzke ya fitar a 1983 yana tafiya daga 0 zuwa 10: a 6 mutum yana buƙatar sanda, a 7 keke. Ma'auni ne mai amfani, amma kusan duk hankalinsa yana kan tafiya. Shi ya sa aka ƙirƙiro takardun auna ingancin rayuwa, irin su MSQOL-54 mai tambaya 54, da ke bin diddigin ciwo, kuzari, damuwa, har da kwanciyar aure. Mutum biyu suna iya zama a mataki na 6, ɗaya yana kasuwarsa, ɗaya ya kulle kansa a ɗaki.

A 1997 masu bincike a Landan suka duba masu nau'in cutar da ke ci gaba ba lafawa, waɗanda aka kwantar aka horar na 'yan makonni. Lalacewar jijiyoyinsu tana nan yadda take, amma wanka da sa tufafi da zirga-zirga sun fi zuwar musu da sauƙi fiye da waɗanda ke jiran layi. Da aka bi wasu majinyata gida bayan sallama, sai aka ga ribar tana ɗorewa kamar wata shida sannan ta fara zamewa. Saboda haka asibitin da ya san aikinsa ba ya sallamar mutum sai ya koya wa mai jinya yadda zai taya shi atisaye, ya rubuta jadawalinsa, ya kuma sa ranar dawowa.