Ma'anar "Fandom": Yadda 'Yan Kallo Ke Zama Dangi

Kalmar "fans" ta riga ta zauna daram a bakin masu hira a intanet, ba wanda ke tambayar ma'anarta. 'Yar'uwarta ce, wato "fandom", har yanzu take rikita mutane. Za ka ga an rubuta cewa fandom ɗin wani shiri sun yi ca a kan tashar da ta dakatar da shi, ko a ce wance ta shiga fandom kaza, sai mai karatu ya ɗauka masu kallo kawai ake nufi. Akwai bambanci, kuma ba ƙarami ba.

A Turanci "fan" guntun "fanatic" ne, ita kuma wannan jijiyarta na komawa ga kalmar Latin "fanum", ma'ana ɗakin bauta. Wanda ya lizimci ɗakin bauta har abin ya ratsa shi, ya zama kamar ba ya cikin hayyacinsa, shi ne "fanaticus". A shekarun 1880 aka fara jin guntuwar kalmar a Amurka, ana kiran masu tururuwa kallon wasan besbol da ita. Ɗafin "dom" da aka liƙa mata a baya kuwa shi ne dai wanda ke jikin "kingdom", masarauta. Ke nan fandom ita ce masarautar masoya, duniyarsu da duk abin da ke cikinta. Ba sabuwar kalma ba ce kamar yadda ake zato, domin ƙamus na Merriam-Webster ya nuna an gan ta a rubuce tun 1903.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za ta auna abin da su ba. Akwai ɗan kallo, wanda in shiri ya zo ya kalla, in bai zo ba ya kama wani. Akwai masoyi, wanda ba ya bari kashi ɗaya ya wuce shi. Akwai kuma ɗan gani-kashe-ni, wanda ya haddace maganganun taurarin, ya san shekarar da aka canja mai ba da umarni, kuma in ka kushe shirin a gabansa kun ɓata ke nan. Amma ko 'yan gani-kashe-ni dubu ne, muddin kowa na zaune a ɗakinsa bai san da ɗan'uwansa ba, ba su zama fandom ba tukuna. Sai ranar da suka gano juna, suka fara musayar magana, suka yi wa kansu suna, suka samu raha da su kaɗai ke ganewa. Shi ya sa in aka ce in fassara kalmar, "dangin masoya" nake cewa. An ce zumunci a ƙafa yake, to ita ma fandom haka take: sai da zirga-zirga da ɗawainiya.

Tarihi ma haka ya nuna. A watan Afrilun 1926 Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories a Amurka, wadda ta keɓe kanta ga ƙagaggun labaran kimiyya. Da ya buɗe filin wasiƙun masu karatu, sai ya riƙa buga kowace wasiƙa tare da adireshin mai ita. Wannan ɗan ƙaramin abu ne ya haifi komai. Matashin da yake ganin shi kaɗai ne a garinsu ke karanta labarin tafiya duniyar Mars, sai ga shi da adireshin wani irinsa. Suka fara rubuta wa juna kai tsaye. Zuwa 1930 sun fara buga ƙananan mujallunsu da kuɗin aljihunsu, zuwa 1939 kuma suka yi babban taronsu na farko a birnin New York, mutum kusan 200. Da talabijin ta zo, sai aka ga ƙarfin abin a fili: a 1968 masoyan Star Trek suka yi wa tashar NBC ruwan wasiƙu da suka ji ana shirin dakatar da shirin, aka kuwa yi masa zango na uku.

Inda na fi ganin ma'anar kalmar ƙuru-ƙuru shi ne wajen masoyan shirye-shiryen da suka gauraya labarin kimiyya da barkwanci. Irin waɗannan shirye-shirye ba kasafai suke zama na sahun gaba a yawan masu kallo ba, kuma tashoshi ba sa jin nauyin yanke su. Amma ga su da rai kamar na kyanwa, a binne su yau, bayan shekaru a ga sun taso. Masoyansu ne ke tono su.

Ɗauki Red Dwarf, wanda Rob Grant da Doug Naylor suka ƙirƙira, BBC ta fara nuna shi a watan Fabrairun 1988. Labarin Dave Lister ne, mafi ƙanƙantar muƙami a wani ƙaton kumbon haƙar ma'adinai. An kama shi da laifin shigo da kyanwa a ɓoye, aka hukunta shi da zama a ɗakin da lokaci ba ya tafiya. Yana ciki sai tururin nukiliya ya ɓalle, ya hallaka kowa. Kwamfutar kumbon, mai suna Holly, ba ta buɗe masa ƙofa ba sai da gubar ta lafa, wato bayan shekara miliyan uku. Dubi yadda aka nuna fitowarsa. Yana tafe cikin kumbo shiru, ga 'yan tsibin farin gari nan da can a kan kujeru, yana lakata yana ɗanɗanawa. Kwamfuta ta gaya masa kowa ya mutu. Sai ya ambaci sunan abokinsa, ta ce ya mutu. Ya ambaci wani, ta ce ya mutu. Ya kawo sunan yarinyar da yake so, amsar dai ita ce. Haka ya yi ta jero sunaye, ita kuma tana ta juya masa magana ɗaya har ta gaji, kafin ya gane cewa garin nan da yake lasa shi ne abin da ya saura na abokan aikinsa. Dariya kake har da hawaye, alhali abin da ke gabanka mutum ne da ya wayi gari ba shi da kowa a duniya. Abokan zaman da suka rage masa su ne hoton haske mai magana na Rimmer, mutumin da ya fi tsana a kumbon, da wani ɗan ƙwalisa da ya samo asali daga jikokin kyanwarsa, daga baya kuma mutum-mutumi mai suna Kryten.

Marubutan sun ƙago wata kalmar zagi, "smeg", don kada su yi ashar na gaske a talabijin. Masoya suka ɗauke ta suka mai da ita tambarinsu, suna kiran junansu "smegheads" cikin ƙauna. Suka kafa ƙungiya, suka fara taron da suke kira Dimension Jump tun farkon shekarun 1990, inda 'yan wasan kan zo a zauna da su. Wani kashi na shirin ya ci lambar Emmy ta ƙasa da ƙasa a 1994. Duk da haka, bayan zango na takwas a 1999, shiru ya biyo baya na shekara goma cur. A tsawon wannan lokaci masoyan ba su watse ba. Sun sayi faya-fayan DVD, sun ci gaba da taronsu, sun yi ta kallon maimaici a tashar Dave har masu tashar suka lura. A 2009 tashar ta ɗauki nauyin sabbin kashi uku, mutum sama da miliyan 2 suka kalli na farko, daga nan kuma sabbin zanguna suka biyo a 2012 da 2016 da 2017.

Futurama na Matt Groening da David X. Cohen ya fi shi shan wahala. Fox ta fara nuna shi a 1999, ta ajiye shi a 2003. Cinikin DVD da yawan masu kallon maimaici suka sa aka dawo da shi da finafinai huɗu daga 2007, Comedy Central ta ci gaba da shi har 2013, aka sake rufewa, sai Hulu ta farfaɗo da shi a 2023. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne wasan ɓuya da ke tsakanin marubuta da masoya. Marubutan sun ƙago haruffan baƙin halittu, suna rubuta saƙonni da su a jikin alluna da bango, abin da ke wucewa cikin ƙiftawar ido. Masoya suka riƙa tsayar da hoto, suna kwafar alamomin ɗaya bayan ɗaya a takarda, suna gwada su da haruffan Turanci, nan da nan suka warware su. Da marubutan suka ga haka, sai suka ƙago na biyu mai wuya, wanda kowace alama sai an haɗa ta da lissafin wadda ta gabace ta kafin a san harafin da take nufi. Shi ma aka warware. A 2010 ɗaya daga cikin marubutan, Ken Keeler, mai digirin digirgir a fannin lissafi daga jami'ar Harvard, ya zauna ya tabbatar da wata sabuwar ƙa'idar lissafi don kawai ya warware kashin da taurarin suka yi musayar ƙwaƙwalwa, aka kuma nuna hujjar a kan allo cikin shirin. Ba wanda zai yi wannan wahala saboda ɗan kallo. Ya yi ne don ya san akwai masu tsayar da hoto su duba ko lissafin ya fita.

Sai Mystery Science Theater 3000, wanda Joel Hodgson ya fara a wata ƙaramar tasha a Minneapolis a 1988: mutum ɗaya, shi ma mai suna Joel, da aka watsar a sararin samaniya, ana tilasta masa kallon finafinai marasa kyau, shi da mutum-mutumin da ya haɗa da hannunsa suna ta yi musu ba'a. Lokacin ba ko'ina ake kama tashar da ke nuna shi ba, sai masoya suka riƙa naɗar shirin a kaset suna aika wa juna ta gidan waya, masu shirin ma suna ƙarfafa musu gwiwa a rubutun ƙarshen shiri. An dakatar da shi a 1999. A 2015 Hodgson ya nemi gudummawa a Kickstarter, wani shafin tara kuɗi a intanet, mutum sama da 48,000 suka tara fiye da dala miliyan 5.7, shirin ya dawo a Netflix a 2017.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa irin waɗannan shirye-shirye suke tara dangi haka. Wani ɓangare na amsar a fili yake: raha ba ta cika daɗi ga mutum ɗaya ba, in abu ya ba ka dariya sai ka ji kana neman wanda za ka maimaita wa. Kimiyyar da ke ciki kuma tana ba masu son tono abin tonawa. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Lister shi kaɗai ya rage a 'yan Adam. Fry na Futurama ya daskare shekara dubu, ya farka ba uwa ba uba ba wanda ya sani. Joel yana can sama shi kaɗai, har sai da ya ƙera abokan hira. Dukkansu ƙananan ma'aikata ne da ba wanda ya damu da su, kaɗaici ya rufe su, suka haɗa iyali da duk wanda suka samu a kusa. Mai kallon da ke zaune shi kaɗai tsakar dare, yana dariyar abin da ba wanda ke ganewa a gidansu, ya san wannan halin sarai. Ranar da ya rubuta wata magana daga shirin a intanet, wani baƙo daga wata nahiya ya ƙarasa masa ita, ranar ya shiga fandom. Na san daɗin wannan, kuma ba na raina shi.

Kamar kowane dangi, ba a rasa abin kunya. Akwai masu tsare ƙofa, waɗanda in sabon shiga ya zo sai su hau yi masa jarrabawa don su nuna bai isa ba. Akwai masu bin marubuta da 'yan wasa da zagi don labari bai tafi yadda suke so ba. A watan Oktoban 2017, da kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya fito da wani ɗan miya da aka ambata a shirin barkwanci na Rick and Morty, kayan suka yi kaɗan, wasu masoya suka yi ta yi wa ma'aikata ihu har sai da aka kira 'yan sanda a wasu wurare. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin shirin da aka yi don a yi dariya tare bai kamata ya zama sandar dukan kowa ba. A irin wannan wuri ne tsohuwar ma'anar "fanatic" ke leƙowa.

Wajen amfani da kalmar, ana iya nufin mutanen, kamar a ce fandom ɗin Futurama sun yi murna, ana kuma iya nufin harkar kanta, da zane-zanenta da labaran da masoya ke rubutawa da kansu da shigar taurari da suke yi a wajen taro. Wani lokaci ma har ranaku gare su. Douglas Adams, wanda ya rubuta The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, shirin da ya fara a rediyon BBC a 1978 ya koma talabijin a 1981, ya rasu ranar 11 ga Mayun 2001. A labarinsa tawul ne abin da matafiyin sararin samaniya ya fi buƙata. Mako biyu bayan rasuwarsa masoyansa suka fito kowa da tawul a kafaɗa don tunawa da shi, kuma tun daga lokacin, duk ranar 25 ga Mayu za ka gan su a ofisoshi da jami'o'i da tashoshin jirgin ƙasa na ƙasashe da dama, in biyu suka haɗu su kalli kafaɗar juna su yi murmushi.