Malam Aminu Kano

Malam Aminu Kano (1920–1983) malamin makaranta ne kuma ɗan siyasa, shugaban jam'iyyar NEPU sannan PRP, wanda ya wakilci mazaɓar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya daga 1959 zuwa 1964.

An haife shi ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai na Fulanin Gyanawa. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Bayan karatun allo ya shiga firamare ta Shahuci da Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya fita a 1942. Ya koyar a Midil ta Bauchi, kuma a can ya yi zama da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa. Ya ƙaro ilimi a Landan, ya dawo aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati.

A shekarar ce, ranar 8 ga Agusta, aka kafa NEPU a Kano, ya kuma zama shugabanta a 1953. Kirarinta "Sawaba", kokenta kuwa zaluncin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna: aikin tilas, haraji da jangali, da kotunan alƙalai da ke ƙarƙashin sarakuna. 'Yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu, don da yawa sun sha bulala da ɗauri a kan lacca kawai.

Shiga majalisa bai zo masa da sauƙi ba. A zaɓen 1951, wanda ake yi hawa-hawa, NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a Kano, amma a mataki na ƙarshe, inda En'e ke cusa nata mutanen, aka yi waje da ita. A 1954 Maitama Sule na NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa, ya kayar da shi. Sai a 1959 ya ci kujerarsa ya tafi Legas.

A nan ne ya shiga tsaka mai wuya. NEPU tana ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, ita kuma NCNC ta kafa gwamnatin haɗaka da NPC, abokiyar gabar NEPU a gida. Malam ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnatin Tafawa Ɓalewa, alhali a Arewa ana ci gaba da kama magoya bayansa. Ya rasa kujerar a zaɓen 1964.

A mulkin Gowon ya riƙe kwamishinan tarayya na sadarwa daga 1967, daga baya na lafiya. A 1978 ya jagoranci kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyar ta samu gwamnoni biyu: Abubakar Rimi a Kano, wanda ya soke haraji da jangali, da Balarabe Musa a Kaduna. Ba a daɗe ba PRP ta dare biyu, 'yan santsi suka bi gwamnoni, 'yan taɓo suka tsaya tare da Malam.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin duk sunansa suke ɗauke da shi.