UI/UX: Ba Kwalliyar Manhaja Ake Nufi Ba

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koyar da matasa fasahar zamani a 2023, kalmar UI/UX ta shiga bakin matasa. Wanda duk ka taɓa sai ya ce ita yake koyo, a rediyo kuma sai ka ji an fassara ta da "zanen manhaja" an wuce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an haɗe abu biyu, an riƙe ƙaramin, an yar da babban.

UI fuskar manhaja ce: launi, rubutu, maɓallan dannawa. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. UX kuwa shi ne yadda mutum ya kwashe da manhajar, tun daga buɗe ta har biyan buƙatarsa. Wani masani Ba'amurke, Don Norman, ne ya yaɗa kalmar a farkon shekarun 1990 yana aiki a kamfanin Apple, kuma shi har kwalin na'urar da takardar bayaninta yana lissafawa a ciki.

A tuna farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Ga mai saye tsaye gaban mai atamfa a Kantin Kwari, ya danna tura kuɗi, 'yar da'ira sai juyawa take yi. Kuɗin sun fita? Ba su fita ba? Manhajar ta yi gum. In ya sake dannawa, a cire masa sau biyu. In ya haƙura, mai kaya ya ce shi bai ga alat ba. Launinta na iya yin kyau ƙwarai, amma ta bar mutum biyu suna kallon juna da zargi. A cikin ƙa'idoji goma da masanin UX Jakob Nielsen ya fitar a 1994, ta farko ita ce manhaja ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki. WhatsApp da 'yar alama ya warware wannan: ɗaya saƙo ya tafi, biyu ya isa, shuɗi an buɗe. Ko wanda bai yi boko ba ya san wannan karatun.

Shi ya sa ba na yarda a nuna mini hoton Figma, manhajar da ake zana fuskar manhajoji da ita, a ce ga UX. Ba a auna ta a kan kwamfutar mai zane. Ana miƙa wa mutum waya ne, dattijuwa ko ɗan acaɓa, a ce ya sayi kati, sannan a kama baki a ga inda yatsansa zai tsaya. Nielsen ya ce mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin, kuma ni zan so a yi gwajin a ƙaramar waya, a unguwar da sabis ke ɗaukewa.