Makarantun Rosenwald

Makarantun Rosenwald makarantun karkara ne da aka gina wa 'ya'yan baƙaƙen fata a jihohi 15 na kudancin Amurka tsakanin 1913 da 1932, a zamanin da doka ta hana ɗan baƙar fata da ɗan farar fata zama aji ɗaya. An sa musu sunan Julius Rosenwald, attajirin Chicago da ya shugabanci kamfanin Sears, Roebuck, wanda asusunsa ya ba da wani kaso na kuɗin ginin. Lissafin ƙarshe ya nuna an gina makarantu 4,977, gidajen malamai 217 da ɗakunan koyon sana'a 163, masu ɗaukar ɗalibai sama da 660,000. Masana tarihi suna kafa misali da shirin wajen nuna irin jarin da iyalan baƙaƙen fata suka zuba a karatun 'ya'yansu, domin kuɗin da talakawan manoma suka tara da hannunsu ya zarce wanda mai sunan ya bayar.

Asali

A zamanin bauta jihohin kudu da dama sun haramta koya wa bawa karatu ko rubutu. Carolina ta Kudu ta yi irin wannan doka tun 1740, wasu jihohin kuma suka tsananta tasu bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831. Da aka soke bauta a 1865, 'yantattun bayi suka yi ta buɗe makarantu a cikin coci-coci da tsofaffin bukkoki, tsoho da jikansa a benci ɗaya. A 1870 kimanin kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen fatan Amurka ba su iya karatu ba.

Bayan janye sojojin tarayya, waɗanda suka zauna a kudu tun ƙarshen yaƙin basasa, a 1877, mulkin jihohin ya koma hannun fararen fata, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 1896 a shari'ar Plessy da Ferguson ya halatta wariya muddin an ce kayan aikin ɓangarorin biyu daidai suke. A aikace hukumomin ilimi na gundumomi suna karɓar haraji daga kowa, sannan su karkatar da mafi yawansa zuwa makarantun farare. Makarantar baƙaƙe a ƙauye kan kasance ɗaki ɗaya mai yoyo, malama ɗaya da yara masu yawa, kuma zangon karatu bai wuce wata uku ko huɗu ba a wurare da yawa, saboda ana son yaran a gonar auduga.

Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a Virginia kuma ya jagoranci makarantar Tuskegee ta Alabama tun 1881, ya haɗu da Rosenwald a 1911. Rosenwald ɗan Yahudawa ne 'yan ci-rani daga Jamus. A 1912 ya shiga kwamitin amintattun Tuskegee, ya kuma ba ta dala 25,000 don ta raba wa wasu makarantun baƙaƙe. Da dala 2,800 suka yi saura, Washington ya nemi izinin gwada gina ƙananan makarantu shida da su a ƙauyukan da ke kusa. An kammala su tsakanin 1913 da 1914, kuma galibi ana lissafa ta Loachapoka a matsayin ta farko. Washington ya rasu a 1915. An kafa Asusun Rosenwald a 1917.

Yadda ake tara kuɗin

Ƙa'idar shirin ita ce ba a gina wa kowa makaranta kyauta. A shekarun farko asusun kan ba da kimanin dala 300 ga kowace makaranta, daga baya aka ɗaura tallafin a kan yawan azuzuwa. Kafin a saki ko sisi, sai mutanen gari sun kawo nasu kason, hukumar ilimi ta gunduma ta sa nata, ta kuma yarda za ta biya malamai. Sai an samar da fili na aƙalla eka biyu, domin a sami wurin wasa da lambun koyon noma. Sai an yi alkawarin zangon karatu ba zai gaza wata biyar ba. Sai an tanadi tebura da allon bango da masai. Kuma dole a rubuta takardar filin da sunan hukumar ilimi, wato abin da iyaye suka saya da guminsu ya zama mallakar hukumar da ba su da wakili ko ɗaya a cikinta.

Yawancin waɗannan iyaye noman kashi-mu-raba suke yi a gonakin farare. Sukan ci bashin abinci da iri a kantin mai gona duk tsawon shekara, idan an yi lissafi bayan girbi da wuya wani abu ya rage a hannu. Don haka gudummawa takan zo ta kowace fuska. Mata suna sayar da ƙwai da kaji, suna soya kifi a taron coci ana saye. Wasu ƙauyuka sukan ware eka ɗaya ta auduga a nome ta da aikin gayya, kuɗinta duka na makaranta ne. Mai daji yakan ba da itace a kai injin yanka katako, mai alfadari ya ɗauko kaya, kafintoci da magina su yi kwanaki suna aiki ba lada, a ƙiyasta aikin a rubuta shi a matsayin kuɗi. Ranar taron tara gudummawa akan kira suna ɗaya bayan ɗaya a cikin coci, mutum ya taso ya ajiye abin da ya samu a kan tebur a gaban jama'a. An ruwaito daga rahoton wani wakilin gini a Alabama cewa wani dattijo da aka haifa cikin bauta ya zazzage dala 38 daga tsohuwar jaka a irin wannan taro, duk abin da ya tara ke nan a rayuwarsa.

Malaman da ake kira na Jeanes sun taka rawa sosai wajen haɗa kan mutane. Mafi yawansu mata ne baƙaƙe masu zagaya makarantun gunduma, ana biyansu daga asusun dala miliyan 1 da Anna T. Jeanes ta Philadelphia ta kafa a 1907. Su ne ke bin gida-gida, su lallashi iyaye, su kuma san yadda za a tunkari jami'in ilimi farar fata har ya sa hannu.

Jimillar kuɗin da shirin ya ci ta kai kimanin dala miliyan 28.4. Daga ciki hukumomi sun ba da miliyan 18.1 daga haraji, baƙaƙen fata miliyan 4.7, Asusun Rosenwald kimanin miliyan 4.4, ɗaiɗaikun farare kuma miliyan 1.2. Masanin tarihi James D. Anderson ya kira tsarin biyan haraji sau biyu: iyayen sun riga sun biya harajin ilimi kamar kowa, sannan suka sake biya daga aljihu kafin a ba 'ya'yansu abin da 'ya'yan farare ke samu ba tare da karo-karo ba.

Fasalin ginin

Zanen farko ya fito daga Tuskegee a 1915, da hannun Robert R. Taylor, baƙar fata na farko da ya kammala karatu a jami'ar fasaha ta Massachusetts (MIT). Binciken da masanin gine-ginen makarantu Fletcher B. Dresslar ya yi wajen 1919 ya gano cewa magina suna sauya zanen yadda suka ga dama, suna rage tagogi, suna amfani da katako mara kyau. A 1920 aka mayar da ofishin shirin Nashville ƙarƙashin Samuel L. Smith, aka fitar da sababbin zane-zane masu lamba, daga na malami ɗaya zuwa na manyan makarantu. Sauyin ya inganta gini, ya kuma cire ragamar shirin daga hannun baƙaƙen Tuskegee.

Tunda babu lantarki a ƙauyukan, komai ya rataya a kan hasken rana. Kowane aji yana da jerin dogayen tagogi a bango ɗaya kawai, masu kallon gabas ko yamma, kuma ana jera tebura yadda haske zai zo ta hagun ɗalibi don kada inuwar hannunsa ta rufe abin da yake rubutawa. Saboda haka zane kan zo iri biyu, ɗaya na filin da ke fuskantar gabas ko yamma, ɗaya na wanda ke fuskantar kudu ko arewa. Idan magini ya ɗauki wanda bai dace da filin ba, ajin kan yi duhu ko rana ta riƙa dukan idon yara. Har launin fenti an ƙayyade: mai haske a rufi da saman bango don ya mayar da haske. Ana ɗora ginin a kan ginshiƙan bulo don iska ta ratsa ƙasa, danshi kada ya ci katako. A tsakanin azuzuwa biyu akan sa bango mai naɗewa, a buɗe shi ɗakin ya zama zauren taron gari. Murhun ƙarfe ke dumama aji, yara ko iyayensu ke kawo itace.

Carolina ta Arewa ce ta fi yawan makarantun, kusan 800, sai Mississippi.

Matsaloli

Gini ya fi sauƙin samu a kan kulawa. Hukumomi da yawa sun karɓi makarantar suka bar gyaranta, sai iyaye suka koma tara kuɗin fenti da rufi a taron shekara-shekara da ake kira Ranar Rosenwald. Littattafai kan zo ne bayan makarantar farare ta gama da su. Albashin malaman baƙaƙe ya ci gaba da zama ƙasa da na farare. Wasu masu gonaki sun ƙi yarda a tsawaita zango, aka riƙa raba shi gida biyu don yara su fita tsinkar auduga.

Ana kuma sukar shirin da cewa ya yi aiki a cikin wariya bai ƙalubalance ta ba, kuma ya fifita koyon sana'ar hannu. Masu kare shi suna cewa a aikace malamai sun fi ba karatun littafi ƙarfi.

Tasiri a kan ɗaukakar iyali

Mafi yawan makarantun suna tsayawa ne a aji bakwai ko takwas. Iyalin da ke son ɗansu ya wuce nan sai su tura shi babbar makarantar gunduma, sau da yawa ya zauna wurin dangi a gari, daga nan wasu su shiga kwalejojin baƙaƙe irin su Fisk, Hampton, Howard ko Tuskegee. Tsadar gaske ita ce hannun da gona ta rasa, don haka wasu gidaje sukan zaɓi yaro ɗaya, galibi mace, sauran su yi noma, ita kuma idan ta zama malama ta ɗauki nauyin ƙannenta.

Masana tattalin arziki Daniel Aaronson da Bhashkar Mazumder, a binciken da suka wallafa a 2011, sun ƙiyasta cewa makarantun ne sanadin kimanin kashi 40 cikin 100 na raguwar tazarar karatu tsakanin baƙaƙe da farare a kudu, ga waɗanda aka haifa tsakanin 1910 da 1925. Sun kuma gano cewa tasirin ya fi ƙarfi a gundumomin da suka fi talauci, kuma waɗanda suka yi karatun sun fi yin ƙaura zuwa biranen arewa. Zuwa 1930 rashin iya karatu a tsakanin baƙaƙen fata ya sauko zuwa kimanin kashi 16 cikin 100.

Marubuciya Maya Angelou ta yi karatu a ɗaya daga cikinsu a Stamps ta jihar Arkansas. Haka ma John Lewis, ɗan manoman kashi-mu-raba daga gundumar Pike ta Alabama, wanda ya zama jagoran fafutukar 'yanci kuma ɗan majalisar tarayya daga 1987 zuwa rasuwarsa a 2020. Ya sha ba da labarin yadda yakan ɓuya a ƙarƙashin gida ranar aikin gona, da ya ji motar makaranta sai ya fito a guje.

Ƙarshen shirin

Rosenwald ya rasu a 1932, shekarar da aka rufe shirin gine-ginen, ko da yake an ƙara guda ɗaya a Warm Springs ta Georgia a 1937. Asusun ya ƙarar da kuɗinsa a 1948 kamar yadda mai shi ya sharɗanta. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 a shari'ar Brown da ya soke wariya a makarantu, an rufe yawancinsu a hankali, dubban malamai baƙaƙe kuma suka rasa aiki. Ana ƙiyasta cewa abin da ya rage a tsaye bai wuce ɗaya cikin goma ba sosai, wasu sun zama rumbun ajiya, wasu gidajen tarihi ko zauren taro. A 2002 aka sa su cikin jerin wuraren tarihin Amurka da ke fuskantar barazanar rushewa.