"Faifan baya ya goce": wane faifai, kuma ya goce zuwa ina?

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo ko ka gifta motar mai magani da lasifika ba ka ji "gocewar faifan baya" ba. A da komai sanyin ƙashi ne, yanzu an samu sabon suna. Har na ji wani yana rantsuwa zai mayar da faifan mazauninsa cikin kwana 7.

Daga sunan aka fara ɓata. Bahaushe in ya ji faifai, marufin ƙwarya ke faɗo masa a rai, wanda ko kaza ta bi ta kai sai ya zame. Sai mutum ya ɗauka wani abu ne aka ɗora a bayansa ya sulluɓe, maɗori ya danna ya koma. Ni da za a bi tawa, gammo za a kira shi. Guda 23 ne a kashin baya, kowanne tsakanin ƙashi da ƙashi, manne gam sama da ƙasa, ba inda za shi. Gefensa zare-zare ne masu tauri, tsakiyarsa abu mai danƙo wanda galibinsa ruwa ne. Gammon nan bushewa yake, ya lotse, wani lokaci gefen ya tsage cikin ya bulluƙo ya danne jijiya, zafi ya sauka har ƙafa. Ya fi faruwa a biyun ƙarshe, wajen kwankwaso.

Me ke busar da shi? Nan ne masu lasifika ba sa zuwa. A jikin babba, jini ba ya shiga tsakiyar gammon. Suga da iskar da ƙwayoyinsa ke rayuwa da su tsattsafowa suke ta wani siririn guringuntsi da ke tsakaninsa da ƙashi, dattin ma ta nan yake fita. Da shekaru suka ja, guringuntsin ya ƙara tauri, hanya ta ƙuntata. Abinci ya ragu, tsami ya taru, ƙwayoyin su gaza ƙera sinadarin da ke riƙe ruwa. Yunwa ce a hankali, ba faɗuwa ɗaya ba. Taba na ƙara tsuke ƙananan hanyoyin jinin da ke kawo abincin. Ciwon suga kuma nasa salon daban: suga mai yawa na maƙalewa a zaren gefen ya ƙandarar da shi, kamar ƙirgin da ya sha rana. Ga teɓa tana ƙara lodi a kan gammon da ya riga ya lotse.

Ruwan nan ba zance ba ne. Auna tsayinka da asuba, ka sake da dare, za ka ga ka rage wajen santimita 1. Nauyin yini ya matse shi, barci ya mayar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake kaɗa takardar MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, kamar hukuncin kotu. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2015 ya tattara hotunan mutanen da bayansu ba ya ciwo ko kaɗan: kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 na da alamar lalacewar faifai, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Furfura ce ta ciki. Amma in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan asibiti ne a ranar, ba motar bakin kasuwa ba.